Mihirabin da Na Bari a Bangon Coci

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwanaki har haƙorana suka gaji da ni suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Wannan babi domin ku na rubuta shi, 'ya'yana da jikokina, saboda na gaji da jin abin da kuke faɗa a kan ƙanena Labbo, Allah ya jiƙansa. Kuna cewa shi ya ƙwace mini aikin masallaci, har wasunku ba sa gaida 'ya'yansa a kasuwar Kebbe sai da gefen baki. Labbo bai ƙwaci komai ba. Ni na ajiye abin da hannuna, a wani gari mai nisa, a bangon cocin 'yan Katolika. Gara ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da sauran hankali.

Gidanmu gidan magina ne tun kafin a san akwai wani mutum wai shi Bature. Kakana shi ya gina masallacin ƙauyenmu, nan tsakanin Kebbe da Tambuwal, a zamanin da umarni daga Sakkwato yake zuwa, malamai ke yanke hukunci, kuma ba a taɓa ganin kwanon rufi ba ko a mafarki. Na tashi na same shi tsoho tukuf, amma in ya hau bango ya raba ƙafa a kansa, sai ka rantse saurayi ne. Ranar da fatake suka iso da labarin Turawa sun shiga Sakkwato ina ƙarami, ina tsaye a gindin wani soro da yake ginawa. Gari ya ruɗe, mata na tattara yara, maza na ta salati. Shi kuwa ya leƙo ƙasa ya ce wa masu jefa masa tubali su ci gaba, ko wa ya ci Sakkwato ƙasar da aka kwaɓa ba za ta jira shi ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar tubali yana faɗawa tafinsa, da warin ƙasar da aka bari ta ruɓe da ciyawa, da ɗacin makubar shafen bango a hanci. Ban taɓa jin ƙamshin da ya fi mini wannan ba, kuma ina kewarsa.

A gidanmu akwai aiki guda da ba kowa ke yinsa ba. Kowace shekara in an gama girbi, gari kan fito a sake yaɓen masallaci. Kowa da nasa, wasu ɗebo ruwa, wasu taka ƙasa, mata su aiko da fura. Amma mihirabi, wato ɗan lungun nan na bangon alƙibla inda liman ke tsayawa, hannu ɗaya ne ke taɓa shi: hannun babban ɗa a gidanmu. Sai ya sauko ya yi alwala tukuna, sannan ya hau, ba ya magana da kowa har ya gama. Kakana ya yi, ya miƙa wa Baba. Baba ya fara sa ni a gefensa tun ban yi gemu ba, kuma duk ƙauyukan da suka kira mu ginin masallaci, daga Fakku har Jabo, ni nake fitar musu da mihirabi yana kallo. Kowa ya san na masallacinmu ni yake jira. Ni ma na sani, kuma sanin ya yi mini yawa.

Shekarar da abin ya faru fara ta cinye mana gero, sai na tafi cin rani gabas, tafiyar kwana goma, garin da Turawa suka kawo hanyar jirgin ƙasa suka yi tasha. Na sha gaya wa mutane yunwa ce ta kai ni ga aikin cocin. Yunwa ta kai ni garin, gaskiya ne, amma ba ita ta sa na karɓi aikin ba, don na riga na samu ginin shaguna da ya ishe ni. Wani kafinta mutumin kudu, Antoni, mai Hausa kamar an haife shi a Gwandu, shi ya gan ni ina juya bakan wani zaure, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufi, ya ce limaminsu na neman magini. Ma'aikatan tasha da yawa 'yan Katolika ne, a rumfar zana suke ibada, kowace damina iska ta kwashe ta. Limamin nasu Bature ne, Fada suke ce masa, dogo siriri da doguwar riga fara, wuyansa ja kamar na zakaran da aka fige. Ya ja ni fili, ya ɗauki kara ya zana mini abin da yake so a ƙasa.

Masallaci faɗi yake nema, don sahu ya miƙe, kuma ginshiƙai ba sa damun kowa. Shi nasa tsawo yake so, kamar rami a miƙe, ƙofa a yamma, wurin tsayawarsa a gabas, kuma ba ya son ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, don na baya ya ga na gaba. Na auna faɗin da ya zana da hannuna, kamu goma sha shida. Bakan kakana mafi faɗi a masallacinmu kamu goma sha biyu ne. Antoni ya ce magina uku sun zo sun duba sun ce ƙasa da azara ba za su ɗauka ba, sai dai a jira ƙarfe daga bakin teku. Wannan maganar ita ta kama ni. Da ya yi shiru da bakinsa, da yau ba na rubuta wannan babi. Na ce zan yi, amma da sharaɗi: bango da rufi nawa ne, gicciyen da za su kafa a sama kuwa ba hannuna. Fada ya yi dariya ya ce ai aikin Antoni ne wannan, da katako zai yi shi. Na koma masauki ina yaba wa kaina, wai ni na tsare addinina.

Bari in gaya muku yadda ginin yake, don yanzu ana ta faɗin ƙarya a kansa. Harsashinsa ya kai ƙugun mutum, da dutse muka cika shi. Kaurin bango a ƙasa kamu uku, yana hawa yana ramewa. Azara daga giginyar fadama muka faso ta, maza zalla, don macen giginya cikinta gari ne. Bakan gizo bakwai, wato manyan bakunan rufi, na jera, ɗaya bayan ɗaya. Ba a juya baka a rana guda. Sai ka fito da azara daga bangon dama da na hagu, ka ɗaure da igiya, ka yaɓe, ka tafi ka bar ta ta bushe kwana da kwanaki, sannan ka ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, har hannuwan biyu su gaisa a sama. Fada ba shi da haƙurin wannan. Kullum yana zagaye da hular kwano yana tambaya ko yau za a ƙara, ni kuwa in ce masa ƙasa ba ta jin Turanci. Tagogi ya ce a yi su dogaye masu tsini, can sama, na yi, kuma na yarda sun yi kyau, don da hantsi haske kan sauko ta cikinsu ya kwanta a ƙasa layi-layi. A kusurwar ƙofa muka tayar da hasumiya ta ƙararrawa, na yi mata zankwaye masu tsini a ka irin namu, bai hana ni ba. Indararo goma sha huɗu na sa, bakwai kowane gefe.

Kuskuren a bangon gabas na yi shi. Tun ranar jan igiya, da Fada ya ce gabas, ni gabas ɗaya na sani, sai na karkata layin kaɗan zuwa arewa na daidaita shi da alƙibla, ban ma lura ba. Bango ya kai gwiwa lokacin da Fada ya hau keke ya tafi rangadin ƙauyuka. Wata safiya na zagayo bangon gabas, sai na sauko, na ɗauki buta na yi alwala, na hau, na daina magana. Tun ina yaro duk dogon ɗakin da na gina ya fuskanci alƙibla masallaci ne, hannuna bai san wani abu ba. Na lanƙwasa tubali waje, na fitar da lungu. Leburorina mutanen kudu ne, ba wanda ya san abin da yake gani. Sai a rana ta uku, ina shafa kafaɗar lungun, na ja baya don in duba, gabana ya faɗi. Mihirabi ne sosai, kuma a duk waɗanda na taɓa yi babu mai kyansa.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Ina da kwana biyar kafin Fada ya dawo. Tubali ga shi a jibge, ƙasa ga ta a kwaɓe, wuni ɗaya ya isa in toshe shi, ba mai sani. Kullum da safe sai in zo da niyya, in tsaya a gabansa, in ce bari sai gobe. Na gaya wa kaina toshewa za ta raunana bango. Ƙarya ce, magini ne ke gaya muku. Tausayin aikina nake ji, kuma ina so a gani. Fada ya dawo, ya tsaya ya cire hula, ya daɗe yana kallo. Ya ce wa Antoni ya tambaye ni wa ya gaya mini haka ake yi a ƙasarsu, don a cocin garin da aka haife shi akwai irinsa. Antoni, da ya zauna da Musulmi ya san komai, ya dube ni ya rage murya.

"Malam Umaru, in kuskure ne ka faɗa yanzu, zan gaya masa a toshe. Ba zai yi fushi ba."

Na ce masa ba kuskure ba ne, ado ne.

Ana gab da damina wani akwati ya iso a jirgi. Aka buɗe, aka zare ciyawa, sai ga mutum-mutumin mace da shuɗin mayafi, hannuwanta a buɗe. Suka ce Maryamu ce, uwar Annabi Isa. Ina tsaye a bakin ƙofa suka ɗauke ta suna waƙa, suka sa ta a cikin lungun, ta zauna daidai kamar da ita na auna. Tsofaffin mata suna kuka don murna, shekara da shekaru suna ibada a rumfa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin murnarsu, mutane ne da suka kyautata mini, matar Antoni ta yi jinyata da zazzaɓi ya kwantar da ni. Amma daɗin bai daɗe ba, don a cikin masu leƙe ta taga na hango wani mai tallan gishiri ɗan Jabo da ya san gidanmu.

Labari ya riga ni isa gida da kwana ashirin. Inna ta tarye ni da fura, ba ta dube ni a ido ba. Baba ya bar ni na huta, sai bayan la'asar ya aika Labbo ya kira ni zaure. Yana zaune yana murza igiya a cinya. Na fara zuba bayanin da na shirya tun a hanya, cewa gicciye ba hannuna ba ne, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ɗaki bai dame shi ba, magini na kowa ne, kakana ma ya yi wa arna rumbuna ya sha ruwansu.

"Abu guda nika tambaya, Umaru. Lungun da anka ce ka fitar gabas, da alwalla kay yi shi?"

Da na ce a'a, da rami ne kawai a bango, kuma na ga a fuskarsa abin da yake so ya ji ke nan. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce da alwala na yi shi.

"To mihirabi na. Kuma ka gani kab bar shi?"

A nan ya kamata in sunkuyar da kai in ce na yi kuskure, Baba ka yafe mini. Kalma bakwai kacal. Sai bakin nan nawa, da kuka gada kuna fama da shi, ya ce ai Nana Maryamu mu ma muna girmama ta, sura guda gare ta a Alƙur'ani. Ya ajiye igiyar. Bai ɗaga murya ba, Baba bai iya faɗa ba.

"Ka gina gida, ka gina rumbu, mu ci tuwo akushi guda. Amma hannun da yay yi wancan ba shi taɓa wanga. Labbo ka yin shi."

Labbo ya fashe da kuka a wurin, gardi da 'ya'ya biyu. Ya ce shi bai iya ba, ya roƙi Baba har ya kama ƙafarsa. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa ya yi ƙwace. Inna ta yi magana, ta sa ƙannenta sun yi. Limamin masallacinmu da kansa ya zo ya ce wa Baba ƙofar tuba ba ta rufuwa, kuma abin da hannu ya yi da mantuwa Allah ba ya kama bawa da shi. Baba ya ce kwana uku na farko mantuwa ne, biyar na baya fa? Ya ce kuma bai ji wanda ya yi abin ya ce ya tuba ba. Aka kawo mini maganar, na ce ni ban yi shirka ba, ban ga abin da zan durƙusa a kai ba. Inna ta ce ita dai ta auri dutse ta haifi dutse. Wajen Allah na tuba tun a hanyar dawowa, amma in buɗe baki a gaban Baba sai na kasa. Kowace shekara in ce bana zan faɗa, har shekara tara.

Cikin shekarun nan ranar yaɓe ita ce ranar da na fi ƙi a duniya. Sai in tashi da sassafe in tafi gona, ko da babu abin yi a cikinta, ina jiyo kiɗan masu taka ƙasa daga nesa.

Da ciwon ajali ya kama Baba, wata rana da hantsi ya sa aka fitar da shi inuwar tsamiya, ya ce in zauna kusa. Idonsa ya riga ya tafi. Na ɗauka ga ranar ta zo, na haɗa maganata a baki. Sai ya tambaye ni faɗin ɗakin nan na Nasara. Na ce kamu goma sha shida.

"Ba ginshiƙi?"

Na ce babu ko ɗaya. Ya ce in gaya masa yadda na ɗaura. Na fara tun daga harsashi, azara nawa a ƙafar farko, ina na ninka, kwana nawa na bari tsakani. Yana ji yana zanawa da yatsa a kan tabarma, inda na yi dabara sai ya ce in maimaita. Mun fi sa'a guda a haka, ban taɓa jin daɗin hira irin ta ranar ba. Da na gama ya ce:

"Kakanka bai kai nan ba. Da ma na gani."

Daɗi ya rufe ni har na manta abin da na zo faɗa. Na ce a raina gobe, yau kada in ɓata wannan. Inna ta kawo kunu, aka mai da shi ɗaki. Washegari harshensa ya karye, bayan kwana biyu ya cika. Na faɗa masa a kunne, sau uku, amma ban sani ba ko ya ji.

Da girbi ya zagayo Labbo ya zo da kansa ya ce in karɓi abina, mai maganar ya tafi. Na ce mai maganar ya tafi da ita, bai kwance ba, ni ba zan kwance wa kaina ba. Kowace shekara sai ya zo, kowace shekara in mai da shi, har ya rasu.

Cocin kuwa yana nan. Na je a mota bayan na tsufa. Sun ɗora masa kwano a kan rufin ƙasa, sun shafe bayansa da siminti, sun gina wani ƙato na bulo a gefe, wannan suna ce masa tsohon coci, suna kai baƙi su gani. Mai gadin ya gaya mini wai wani injiniya ne daga Turai ya juya bakunan. Na ce masa lalle injiniyan ya iya. Ya bar ni na shiga, na bi bakwai ɗin da ido ɗaya bayan ɗaya, ko tsagar gashi babu. Na yi alfahari, na yi kuka, duk a tsaye ɗaya.

Namu masallacin ne ya tsage. Labbo gwanin bango ne, amma hannunsa na da nauyi, yakan cika yaɓe, shekara kan shekara har kafaɗar mihirabi ta hagu ta fara rinjaya. Na gaya masa da baki, ya gwada, abin ba a baki yake ba. Yanzu tsagar ta kai shigar yatsa, damina biyu ko uku suka rage mata. Maganar Baba a kaina ta tsaya, ba ta hau kanku ba, ba ta kuma hau 'ya'yan Labbo ba. Ku je ku same su a gida, ku gaishe su da baki duka, ku zaɓi mai sauƙin hannu a cikinku. A kankare tsohon yaɓe har a ga tubalin kakana, a sa gajerun azara uku a kwance, a bar kowace ta bushe kafin ta gaba. Kada a yi gaggawa. In ina da rai zan zauna a waje in amsa tambaya.

Kun sha yi mini dariya wai ranar Juma'a nakan tura hannuwana ƙarƙashin cinya in zauna a kansu kamar yaron da aka tsawata wa. Daga inda nake zama a sahun gaba, taku uku ne tsakanina da tsagar nan, kuma na san gyaranta tun ranar da ta fara. Shekara talatin ke nan ina danne su.